Ciwon tayirod da tsokokin ido: yadda za ka gane, ka auna a gida, ka san ranar garzayawa asibiti

Aikina auna motsin ido ne. Mutum ya zauna a gabana, in ɗaga biro, in ce "bi wannan da ido, kada ka motsa kai," sannan in rubuta inda idon ya kai da inda ya cije. Cikin masu zuwa wurina, masu ciwon tayirod, wata 'yar halitta ta gaban wuya, su suka fi shigowa da fahimta a juye. Kusan duk wanda idonsa ya ƙi ɗaguwa sama sai ya ce tsokar da ke ɗaga idon ce ta yi sanyi, ya shiga neman abin da zai ƙara mata ƙarfi. Alhali tsokar sama lafiyarta ƙalau. Ta ƙasa ce ta kumbura, ta sandare, ta riƙe idon gam ta hana shi tafiya. Duk shawarar da zan bayar a nan daga wannan ta taso.

Tsokoki shida ne ke juya kowane ido. Huɗu miƙaƙƙu ne: ta sama, ta ƙasa, ta gefen hanci, ta gefen kunne. Sauran biyun a karkace suke, su ke murɗa ƙwayar ido idan ka karkata kai. Aikinsu ba-ni-in-ba-ka ne, in ɗaya ta ja sai takwararta ta saki. Kamar igiyoyin linzamin doki ne: in ta hagu ta bushe ta ƙanƙance, ko nawa ka ja ta dama dokin ba zai juya dama ba, kuma laifin ba na hannunka na dama ba ne. Saboda haka ka riƙe wannan ƙa'idar: ɓangaren da idon ya kasa kallo, tsokar da ke ɗaya ɓangaren ce mai laifi.

Abin da ke kumbura tsokar

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, wadda ke sakin sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki. A cutar Graves, wadda ta ci sunan likitan ƙasar Ayilan Robert Graves da ya yi bayaninta a 1835, garkuwar jiki ce ke ruɗewa ta ƙera sinadaran da ke manne wa tayirod suna zuga ta. Shi ya sa mutum ke ramewa yana ci, zuciya na dukan uku-uku, ga zufa, ga rawar hannu, ga rashin barci. To irin wurin da sinadaran nan ke mannewa a wuya, akwai shi a ƙwayoyin halittar da ke bayan ido. Da an zuga su sai su riƙa zubo wani abu mai yauƙi da ke tsotse ruwa ya riƙe, tsokar ta yi suntum, kitsen da ke kewaye da ita ma ya ƙaru. A hoton CT ko MRI za ka ga cikin tsokar ya yi ƙato, amma siririn bakinta da ke manne da ƙwayar ido yana nan yadda yake. Wannan siffar na cikin abin da likita ke bambance ciwon da sauran kumburin bayan ido.

Kwarmin ido kuwa ƙashi ne ta ko'ina sai ta gaba, kuma abin da yake ɗauka bai wuce mililita 30 ba, ƙwayar idon ta cinye kusan 7. Abu ya ƙaru a ciki, babu mafita sai gaba. Daga nan ido ke firfitowa.

Abu biyu ke biyo baya da mutane ba sa so su ji. Na farko, tunda garkuwar jiki ce ke kai wa wuya da ido hari daban-daban, daidaita sinadarin tayirod a jini, ko ma cire ta ɗungurungum, ba ya nufin ido ya warke nan take. Ido kan riga wuya farawa, yakan kuma biyo baya da watanni ko shekaru, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na masu ciwon idon sinadarinsu daidai yake ko ma ƙasa ya yi. Na biyu, ciwon zango biyu gare shi. Akwai zangon zafi, lokacin da ake kumburi da ja da raɗaɗi, wanda kan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku. Sai zangon lafawa: kumburin ya sace, amma inda ya zauna ya bar tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa. Magani yana cin zangon farko. Tabo sai wuƙar likita.

Ba a taɓa tsokokin daidai wa daida. Ta ƙasa ce kan gaba, sai ta gefen hanci, sai ta sama, sai ta gefen kunne. Karkatattun nan biyu ba kasafai ba.

Gwajin biro

Ka samu wani ya taimaka maka, don ba ka iya ganin idonka yana motsi a madubi. Zauna a kujera mai jingina, fuska a miƙe. Mai taimakon ya riƙe biro kamar tsawon hannu daga fuskarka, ya tafi da shi a hankali zuwa dama, daga can ya ɗaga sama ya sauke ƙasa, ya dawo tsakiya, ya maimaita a hagu, sannan sama tsaye da ƙasa tsaye. Ya ɗora ɗaya hannun a kanka, domin kai yana satar juyawa mai shi bai sani ba. In za a duba sama da ƙasa a kwantar da biron, in za a duba gefe a tsayar da shi; haka rabuwar ta fi fitowa fili.

Kai aikinka ka ce "nan" da zarar biro ya zama biyu. Shi kuma ya lura da idon da ya tsaya alhali ɗan'uwansa na ci gaba.

Da ya zama biyu, rufe ido ɗaya. In ya koma ɗaya ko da wane idon ka rufe, idanun ne ba sa tafiya tare, maganar tsoka ke nan. In kuwa ka rufe ɗaya amma har yanzu kana ganin inuwa-inuwa a gefen biron, matsalar na cikin idon da ke buɗe, sau da yawa bushewa ce ko buƙatar tabarau, kuma ƙifta ido ko ɗiga ruwan hawaye na kanti kan rage ta. Mutane kan haɗa biyun nan wuri guda su tsorata kansu a banza.

Sai tambaya ta gaba: biyun ɗaya a kan ɗaya suke, ko kafaɗa da kafaɗa? In ɗaya a kan ɗaya ne, kuma tazarar na ƙaruwa in ka kalli sama, tsokar ƙasa ce. Idon da aka riƙe yana zama ƙasa-ƙasa, kuma abin mamaki hotonsa shi ne na sama. Rufe shi ka gani, na saman ne zai ɓace. In kafaɗa da kafaɗa ne, kuma ya fi muni in ka hangi nesa ko ka kalli gefe, tsokar gefen hanci ce ta ja idon ciki. Irin waɗannan sukan ce karatu ba ya ba su wahala, amma mota ɗaya a titi biyu suke gani.

Akwai wani dattijo da aka turo mini bayan ya daɗe yana jinyar wuya. Tun daga ƙofa na ga haɓarsa a ɗage, yana kallona ta ƙasan ido kamar mai jin kai. Na ce, "Baba, sauke haɓa kaɗan mu gani." Yana saukewa ya ce, "Yanzu kuma kun zama biyu." Tsokokin ƙasa ne suka riƙe idanun suna kallon ƙasa, jiki kuma ya gano da kansa cewa in aka ɗage kai ana iya ganin gaba ba tare da an ɗaga ido ba. Wuyan nan wahalar wani yake sha. In iyalinka sun fara cewa ka canja yadda kake riƙe kai, ko ka ga kanka a hoto a karkace, kada ka yi musu.

Fatar ido ma tana ba da labari. Alamar da ta fi yawa a ciwon nan ita ce fatar sama ta janye har farin ido ya bayyana a saman baƙin, mutum ya zama kamar kullum a razane yake. Ka sa a lura in ka bi biro zuwa ƙasa: fatar kan makara, ido ya sauka ita tana sama. Wani ɓangare na wannan ma daga tsokar ƙasa yake. Ƙwaƙwalwa na ƙara aika umarni ga tsokar sama don ta rinjayi mai riƙon, tsokar ɗaga fata kuwa tare suke karɓar saƙo, sai fatar ta wuce gona da iri. A kuma duba ka kana barci ko idon na rufuwa ruf. Ɗan tsagin da ya rage a buɗe dare bayan dare ya isa ya busar da baƙin ido har ya yi gyambo.

Ka lura da lokaci. Na tayirod ya fi tsanani da safe, saboda kwanciya na tara ruwa a kwarmin ido, ya ɗan sassauta in rana ta ɗaga. In naka akasin haka ne, wato da safe garau, da yamma biyu-biyu, ga fatar ido na faɗowa maimakon janyewa, ko ido ya karkata waje wajen kunne, ka gaya wa likita da bakinka. Akwai wata cutar garkuwar jiki, mayasteniya, mai gajiyar da tsoka, wadda kan haɗu da ta tayirod a jikin mutum ɗaya, kuma maganinta daban.

Ka rubuta duk wannan. Ni na fi amfana da takardar da mai ciwo ya cika a gida fiye da amsar "da sauƙi" ko "sai a hankali". Sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, haske ɗaya, tazara ɗaya, a ɗauke ka hoto da waya kana kallon gaba, sama, ƙasa, dama da hagu, da ɗaya ido a rufe. A ƙasan kwanan watan ka rubuta ko biyu-biyun na zuwa ne sai ka gaji ko ka tashi daga barci, ko sai ka kalli wani gefe, ko kullum yana nan har a kallon gaba da karatu. Waɗannan matakai uku su ne likitoci ke auna tsananinsa da su. Ka haɗa da tsohon hotonka na kafin ciwo, ko na katin shaida ne.

Ranar da ba a jira

A can ƙuryar kwarmin ido, inda ya tsuke, tushen tsokoki huɗun nan ya kewaye jijiyar gani. In sun kumbura a nan sai su shaƙe ta. Kaɗan ne ke kaiwa haka, wajen 3 zuwa 5 cikin 100, amma shi ne mai makantarwa. Abin da ke yaudarar mutane, idon da ke cikin haɗarin sau da yawa bai wani firfito ba, domin wanda ya fito ya samar wa kansa sarari, wanda bai fito ba kuwa matsin na ciki. An fi ganinsa ga manya, da maza, da masu ciwon sukari, da masu shan taba.

Gwajinsa a gida: ɗauki wani abu ja wur, murfin kwalba ma ya isa, ka kalle shi da ido ɗaya, sannan da ɗayan. In a ido ɗaya jan ya koɗe, ya koma kamar ruwan ƙasa ko ya dusashe, ko haske ya ragu kamar an rage fitila, ko gani ya yi hazo wanda ƙiftawa ba ta sharewa, ranar nan za ka je wurin likitan ido, kada ka jira ranar da aka rubuta maka. Haka in fari ya bayyana a kan baƙin ido, ko ido ya ƙi rufuwa sam. Abin da ake yi shi ne sitiroyid, maganin kashe kumburi, mai ƙarfi ta jijiya kwana uku a jere, in jijiyar ba ta farfaɗo cikin mako ɗaya zuwa biyu ba a yi aikin faɗaɗa kwarmin.

Zama da shi a zangon zafi

Taba tukuna. Mai shan sigari ya ninka wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da ciwon idon nan sau bakwai zuwa takwas, zangon zafinsa ya fi tsawo, magani kuma bai cika kama shi ba. Hayaƙin wanda kuke ɗaki ɗaya ma yana cikin lissafi. A duk abin da ke hannun mai ciwo babu wanda ya kai barin taba nauyi, kuma ba na ɓoye wa kowa wannan don kara.

Sai daidaita sinadarin tayirod. Hawa na cutar da ido, faɗuwa ƙasa ma haka, don haka gwajin jini a kan kari ba na wasa ba ne. In an ba ka shawarar maganin aidin mai tururin nukiliya don kashe tayirod, ka tabbata mai ba da shi ya san halin idonka, domin yana iya tayar da ciwon. Akan haɗa shi da sitiroyid na sha don kariya, ko a zaɓi wata hanyar.

Ka ɗaga kan gadon gaba ɗaya, ko ka ƙara matashi, don rage kumburin safe. Ruwan hawaye da rana, mai kauri irin na shafawa da dare. In ciwon mara tsanani ne kuma sabo, likita na iya rubuta sinadarin seleniyom, maikirogiram 100 sau biyu a rana na wata shida. Wani bincike da aka yi a Turai aka wallafa a 2011 ya nuna amfaninsa, sai dai an yi shi ne a yankunan da abincinsu ke da ƙarancin sinadarin, kuma yawansa guba ne. Kada ka saya da kanka.

Motsa ido da sunan atisaye kuwa, ni dai ban ga amfaninsa ba. Tsokar da ta kumbura ko ta yi tabo ba ragwanci ke damunta ba, juya ido sau ɗari a rana raɗaɗi kawai zai ƙara maka.

Ga biyu-biyun, hanya mafi sauƙi ita ce toshe ido ɗaya. Manna salatif mara sheƙi a gilashin tabarau na idon da ya fi cijewa. Ya fi ƙyalle kyan gani, kuma haske na shiga ta gefe. Babba ba ya rasa gani don ya rufe ido, wannan tsoron na yara ƙanana ne. Sai dai da ido ɗaya auna nisa na ɓacewa, ka yi hattara da matakala da zuba ruwan zafi a kofi. Wadda ta fi wannan ita ce firizim, wata siririyar roba mai layi-layi da muke yankawa mu manna a bayan gilashi da ruwa kawai, ta karkato haske zuwa inda idon yake kallo. Tana ɗan rage kaifin gani, amma ana ɓare ta a sa wata in awon ya canja, kuma a wannan zangon canjawa zai yi ta yi. Kada ka yarda a sassaƙa maka firizim a cikin gilashi na dindindin tun abu bai tsaya ba. Tuƙi kuma a ajiye shi muddin kana ganin biyu a kallon gaba, har sai likita ya ce an shawo kansa.

Wata 'yar dabara: in za a auna maka matsin ido, ka faɗa cewa kana da ciwon tayirod. In ido na ƙoƙarin kallon sama tsokar ƙasa na danne shi, lambar kan haura, a ɗauka gilakoma ce, wato hawan jinin ido. A auna idon yana ɗan kallon ƙasa.

Likita zai ƙidaya alamomi bakwai don sanin ko kana zangon zafi: ciwo a bayan ido kana zaune, ciwo in ka motsa shi, jan fatar ido, kumburinta, jan farin ido, kumburinsa kamar ya tara ruwa, da kumburin ɗan naman nan na lungun ido wajen hanci. Uku ko fiye, wuta na ci. In abin ya kai matsakaici ko mai tsanani, tsarin da ƙungiyar likitocin Turai masu nazarin ciwon ta fitar a 2021 shi ne sitiroyid ɗin metilfirednisolon ta jijiya, miligiram 500 sau ɗaya a mako har mako shida, sai 250 na wasu makonni shida, a haɗa da maganin maikofenolet mai rage ƙarfin garkuwar jiki. Ana duba hanta, sukari da hawan jini kafin a fara da kuma ana cikin yi. Akwai gashin kwarmin ido da hasken radiyeshon na asibiti, wanda ya fi amfani ga cijewar motsi, amma ba a yi wa wanda ciwon sukari ya taɓa jijiyoyin jinin cikin idonsa. Akwai kuma maganin Tepezza, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2020: ƙarin ruwa takwas, ɗaya duk mako uku. Yana mayar da ido ciki, yana rage biyu-biyu ga da yawa, amma yana iya taɓa ji da tayar da sukari, ba a ba mai ciki, kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

In wuta ta mutu

Nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa, kuma ina ganin uzurinsu. Mutum ya shekara yana ganin matarsa biyu, ya ce a yi masa aiki gobe. Amma ba a yanka tsokar da ba ta gama canjawa ba. Sai awon karkatar ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata shida, sinadarin tayirod ma ya zauna. A nan takardar nan taka da hotunanka ke biyan ka wahalarka.

Aikin yana da jeri, kuma ba a tsallake. In ana buƙatar faɗaɗa kwarmi, wato cire wani sashe na ƙashin bangonsa ko kitse don ido ya koma, shi ne farko, domin yana sauya zaman ido har ya kan haifar da sabon biyu-biyu. Sai aikin tsoka. Sai fatar ido a ƙarshe, tunda matsar da tsokar sama ko ta ƙasa na sauya tsayin fata. Matsar da ta ƙasa musamman kan ja fatar ƙasa ta sauka.

A aikin tsokar, abin da aka saba shi ne a ɓanɓare mai riƙon daga inda take manne a mayar da ita baya 'yan milimita don ta saki. Ba a cika gajarta takwararta ba, don kada a ɗaure idon ta fuska biyu. Wasu likitocin kan bar zaren a zarge, bayan ka farfaɗo a zaunar da kai, a nuna maka abu, a ja ko a sassauta har ka ce ya zama ɗaya, sannan a ƙulle. Kafin ka sa hannu ka tambayi abin da ake sa ran samu. Burin shi ne gani ɗaya a kallon gaba da kallon ƙasa na karatu da taka matakala. Can sama da can gefe biyu-biyu na iya saura, sai ka koyi juya kai maimakon ido. Wasu na buƙatar aiki na biyu ko ɗan firizim a gilashi, kuma tsokar ƙasa takan ƙara zamewa baya makonni bayan aikin har idon ya wuce sama, don haka ko ka ji garau ka koma awon da aka sa maka.